Sharhi: Gidan Ibadar Hindu na Abu Dhabi da Aka Gina Babu Rodi

Jama'a masu sauraro, a ranar 14 ga watan Fabrairun 2024 ne Firaministan Indiya Narendra Modi ya halarci buɗe babban gidan ibadar mabiya addinin Hindu a Abu Mureikha, kan hanyar Abu Dhabi zuwa Dubai. Ƙungiyar BAPS, wata ƙungiyar mabiya addinin Hindu mai tushe a Indiya, ce ta gina shi a fili mai eka 27 da Sheikh Mohammed bin Zayed, yarima mai jiran gadon Abu Dhabi a lokacin, ya ba da kyauta.

Duk mai sana'ar gini, abu na farko da zai ja hankalinsa shi ne ba a sa rodi ba. Tsoffin ƙa'idojin ginin Hindu sun fi son dutse ya ɗauki dutse, kuma akwai hikima a nan. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga dutse daga ciki, ga kuma iskar bakin Tekun Fasha cike da gishiri da laima.

Harsashin ginin ma ya zo da nasa ƙalubalen. A 2020 aka zuba kankare mita kubik 3,000 a tashi ɗaya, kashi 55 cikin ɗari na simintin an maye gurbinsa da tokar kwal. Kankare mai kauri haka zafi yake tarawa a cikinsa yayin da yake kamawa, waje ya huce ciki bai huce ba, sai ya dare. Tokar ce ke rage wannan zafin.

Dutsen jikin ginin, mai ruwan hoda, daga jihar Rajasthan ta Indiya yake, marmarar ciki kuma daga Italiya. A Indiya aka sassaƙa su, aka sa wa kowane lamba, aka ɗauko su ta ruwa. Kowane dutse na da harshe da ramin da zai zauna cikin na kusa da shi. Awo ya kuce kaɗan, nauyi ya faɗa gefe ɗaya, dutsen ya fashe. Ginshiƙai 402 aka kafa a haka, tsayin ginin ƙafa 108, da na'urori sama da 300 da ke lura da zafi da motsin ƙasa.

Indiyawa sama da miliyan 3 ke zaune a Daular Larabawa, kuma masu bin Hindu cikinsu sun shafe shekaru suna cunkusuwa a wani ɗan wuri a saman shaguna a unguwar Bur Dubai da ke birnin Dubai tun 1958. Sabon ginin yana da hasumiyoyi bakwai, daidai da masarautun ƙasar bakwai, kuma masassaƙan sun sa raƙuma da shaho a jikin bangonsa.