Ya ce ba zai sa hannu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka daga nan Teksas. Yau maganata da ku ce, matan da ke nan Amurka waɗanda miji ya tattara ya koma wata jiha, ba ci, ba sha, ba ko waya, amma da an ambaci rabuwa sai ya ce: "Wallahi ba zan sa hannu ba, sai dai ki tsufa a haka." Ni ma baban yarana ya faɗa mini haka daga jihar Ohayo, kuma na san yadda maganar take hana mutum barci.

'Yar uwa, kotun nan ba ta jiran sa hannunsa. Tun 1969 Kalifoniya ta fara dokar raba aure ba sai an kama wani da laifi ba, sauran jihohi suka bi, Niyu Yok ce ta ƙarshe a 2010. A Teksas kin ce zaman ya ƙi kuma babu alamar sulhu, ya wadatar. Abin da ake nema shi ne kin yi wata 6 a jihar, da kwana 90 a gundumar da za ki shigar da ƙara. Kowace jiha da nata, Nebada mako 6 ne kawai, Misisifi kuwa sai dai ku yarda ku biyu ko ki kawo laifinsa, don haka ki duba dokar inda kike.

Inda aikin yake shi ne kai masa sammaci. Ba ke za ki kai ba, kuma turawa ta WhatsApp da kanki ba ya ƙirguwa. Akwai masu wannan sana'ar, sai ki biya ɗaya a can jiharsa ya miƙa masa hannu da hannu. Baban yarana ya yi ta ɓuya, ya ƙi buɗe ƙofa, sai a bakin wurin aikinsa aka tare shi da sassafe. Ko ya yar da takardar a ƙasa, an dai kai. Daga nan, a Teksas, yana da kwana 20 da ɗoriya ya ba da amsa. In ya yi shiru, alƙali zai iya yanke hukunci ba shi, muddin an cika kwana 60 da shigar da ƙara. Ranar shari'ata hannuna har rawa yake sa'ad da na ɗaga shi don rantsuwa, tambayoyi kaɗan alƙaliyar ta yi, ta sa hannu. In kuwa ba ki san inda yake ba sam, kotu na iya yarda a buga sanarwa, bayan kin nuna kin neme shi da gaske.

Amma ku ji wannan da kyau, don a nan mata da yawa ke shan mamaki. Kotun jiharki za ta iya kashe auren, sai dai ba lallai ta iya tilasta masa kuɗin ciyarwa ko ta raba dukiyar da ke can ba, in shi ba shi da alaƙa da jihar. A Teksas, in nan ne zamanku na ƙarshe tare kuma ba a cika shekara 2 da rabuwarku ba, hannun kotu ya kai gare shi. Shi ya sa jinkiri yake cutarwa. Riƙon yara kuma na kotun jihar da suka yi wata 6 na ƙarshe ne. In kuɗin shigar da ƙara ya fi ƙarfinki, akwai takardar neman a yafe miki, akwai kuma lauyoyi masu taimaka wa marasa hali kyauta.

Sai igiyar aure. Takardar kotu daban, wannan daban, kuma ni hankalina bai kwanta ba sai da na je wurin limaminmu. Ya kira shi, ya kira waliyyina a gida, aka yi ta fama, daga ƙarshe na mayar da sadakina aka yi khul'i, na fara idda. Ki nemi malamin da ya san zaman nan, ki tafi masa da takardar kotun da shaidar tsawon lokacin da ya bar ki ba ciyarwa. Allah ya kawo wa kowacce mafita. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.