Rawar da Ta Kwana a Akwati: Yadda Ake Tayar da Bale daga Tsofaffin Takardu

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya, kuna ji na? To, madalla. A ɗan rage ƙarar fankar nan, Allah Ya saka da alheri.

An ce in yi muku magana kan adana wasan dandamali, ni kuma na ga gara in kai ku nesa, can Rasha, wajen rawar da Turawa ke kira bale. Abu uku zan faɗa: wanda ya tsara rawar, takardun da aka rubuta ta, da yadda aka tashe ta bayan kusan shekara ɗari.

Na farko, Marius Petipa. Bafaranshe ne, haifaffen Marseille a 1818. Ya je St Petersburg a 1847, ya yi wa gidan wasan Sarkin Rasha aiki fiye da shekara hamsin. A watan Janairun 1890, a gidan wasa na Mariinsky, aka fara nuna aikinsa da Ingilishi ke kira Sleeping Beauty, mu ce Gimbiya Mai Barci, kiɗan kuma na Tchaikovsky. Tatsuniya ce: an yi wa jaririya baki cewa za ta soki yatsa da mazari, ta soka, gari duka ya yi barcin shekara ɗari. Babu mai furta ko kalma ɗaya a dandamalin. Jiki ne ke ba da labari.

To ga inda gizo ke saƙar. Kiɗan Tchaikovsky yana rubuce, ko yau makaɗi zai buɗe ya kaɗa. Ita kuwa rawa a jikin mutum take zaune. Malami ya koya wa ɗalibi, ɗalibi ya tsufa ya koya wa wani. Mai doguwar ƙafa ta ƙara ɗagawa, mai ciwon gwiwa ya rage tsalle, kowa kuma zai rantse maka haka Petipa ya tsara. Kun san yadda saƙo ke canzawa tsakanin zaure da cikin gida, balle shekara ɗari.

Sai Allah Ya kawo wani matashin ɗan rawa a wannan gidan, Vladimir Stepanov. Ya karanci yadda gaɓoɓin ɗan Adam ke aiki, ya ƙirƙiro hanyar rubuta motsi, ya buga ta a Faris a 1892. Alamomin rubutun kiɗa ya ara. Ku kalli allo. Layi biyu a sama na kai da gangar jiki. Layi uku a tsakiya na hannaye. Layi huɗu a ƙasa na ƙafafu. Sannan a gefe a zana hanyar da mai rawa zai bi a dandamali. Bai daɗe ba, ya rasu a 1896 yana da shekara wajen talatin. Amma gidan ya ci gaba da aiki da hanyarsa, aka rubuta raye-raye fiye da ashirin. Wanda ya fi riƙe aikin shi ne Nikolai Sergeyev, mai kula da atisaye. Da aka yi juyin juya hali a 1917, shekarar da ta biyo ya bar Rasha da takardun a kayansa. Da su ya yi aiki a Landan a 1921, da su ya koya wa ƙungiyar rawa ta Ninette de Valois wadda ta zama Royal Ballet, babbar ƙungiyar bale ta Ingila. Ya rasu a Nice a 1951, takardun suka koma hannun wata 'yar rawa Baturiyar Ingila, Mona Inglesby, a 1969 aka sayar wa Jami'ar Harvard a Amurka. Suna can har yau.

Yanzu ku gyara zama, don nan ne abin da ya fi taɓa ni. Ka buɗe takardun nan, a shafuka da yawa sai ka tarar layukan ƙafa cike, zanen hanya yana nan, amma layukan hannu fayau. Babu komai. Kai ma babu. Ƙafa kawai.

Me ya sa? Su waye a nan suka yi makarantar allo? To ku ne za ku fi ganewa. Tsohon malami in zai rubuta wa kansa wani abu da ajami, sau da yawa ba ya sa wasali. Ba ya bukata. Ya san abin da ya rubuta. Baƙi uku sun ishe shi tunawa. Amma jikansa da bai taɓa jin karatun daga bakinsa ba, ya zo ya tarar da kaf da ra da ya'u, sai ya tsaya: kare ne, ko kari, ko kiri? Haka takardun nan suke. Masu rubutun kullum suna ganin rawar, sun san inda hannu ke zuwa, tunatarwa kawai suke ajiyewa. Ba su rubuta don mu ba. Ku riƙe wannan: ba don mu suka rubuta ba. Hannayen suna cikin kawunansu, kawunan kuma sun shiga ƙasa.

To mai tayar da rawa ya zai yi da wasalin da babu? Sai ya shiga kiwon shaida. Ya nemo hotunan 'yan rawar zamanin ya ga yadda suke riƙe hannu. Ya nemo takardun kiɗan atisaye, don a lokacin da goge irin na Turawa guda biyu ake yin atisaye, kuma a jikin irin waɗannan takardu akan sami 'yan kalmomin da ke nuna abin da ke faruwa a dandamali. Ya karanta jaridun da suka yi sharhi washegarin wasa. Ya je Moscow ya duba 'yan rubuce-rubucen Petipa da hannunsa a gidan tarihi na Bakhrushin. Ya nemo shafin da wani mai haƙuri ya cike layukan duka, ya auna sauran da shi. Bayan duk wannan, akwai gurbin da zai rage, sai ya cike da sanin kansa. Ni a wurina wannan ba aibi ba ne, muddin ya fito ya ce nan takarda ce ta faɗa, nan kuwa ni na sa.

Kuma abin mamaki, abin da hannu ke faɗa a matsayin zance, wannan an rubuta shi da kalmomi, da Rashanci. Bale na da maganar hannu. Ku gani. In na zagaya fuskata da hannu haka, kyakkyawa ke nan. In na nuna yatsan zobe, aure. In na dunƙule hannaye na gicciye su a gabana, mutuwa. In na juya su bisa kaina, mu yi rawa. Malam na gaba, na ga kai yatsan zoben ka fi saurin koya. (dariya) Zamanin Tarayyar Sobiyet an datse yawancin wannan zance, aka ce tsohon yayi ne, aka cike wurin da tsalle da juyi. Takardun ne suka dawo da shi, sai labarin ya koma yana da ma'ana: ka ga muguwar aljana tana yi wa jaririya baki kalma bayan kalma, uwa tana roƙo.

Na huɗu... na nawa muke? Na uku. Lokaci ya ja, bari in gudu.

A 1999 wani malamin rawa, Sergei Vikharev, ya tayar da Gimbiya Mai Barci a Mariinsky ɗin kanta daga takardun Harvard, da irin suturar 1890, wasa na kusan awa huɗu. Manyan gidan da yawa ba su so ba. Sun tashi da tsarin 1952 na Konstantin Sergeyev, wani Sergeyev ne daban, kar ku haɗa, kuma a wurinsu shi ne Petipa. A ce maka abin da malaminka ya koya maka ba shi ne asali ba, ai da zafi. A 2015 wani mai tsara rawa, Alexei Ratmansky, shi da matarsa Tatiana da suka zauna suka koyi karatun alamomin, ya yi nasa a Amurka. Ya sa 'yan rawar da suka saba kai ƙafa kusa da kunne su sauke ta, don takarda ba ta cika wuce daidai ƙugu ba. Wasu juye-juyen a kan tudun ƙafa, ba a tsinin yatsu ba. Taku ya zama ƙanana, da sauri, da wuya. Ni dai nasa ya fi kwanta mini, don sai ka ji kiɗan da ƙafar suna tafiya tare. Amma shi ma ya bar wani salo a rawar biki, inda ango ke cafe amarya kanta ƙasa kamar kifi ya yi nitso, alhali a Landan aka ƙara shi a 1921. Kuma takardun kansu wajen 1903 aka rubuta su, shekara goma sha uku bayan...

Na'am, 'yata? Ɗaga murya.

Ta ce, “Malam, shi wannan da ya kwashe takardun ya gudu, ba sata ya yi ba? Mu ma ga rubuce-rubucenmu can Landan da Jamus.”

Allah Ya yi miki albarka. Takardun na gidan wasa ne, da albashin gidan aka rubuta su, shi kuwa ma'aikaci ne. Ban ga yadda zan ce nasa ne ba. Kuma ki duba abin da ya biyo: shekara wajen tamanin gidan da ya haifi rawar ba shi da rubutunta, sai da Vikharev ya nemo kwafi daga Amurka kafin ya tayar da rawar garinsu a garinsu. Wannan ciwo ne, kuma kin san irinsa. A ɗaya gefen, mutumin nan ya yi ta yawo da su fiye da shekara talatin, bai yar ba, bai raba su ba, kuma Ingila da su ta gina nata balen. Mona Inglesby ma ta adana su kusan shekara goma sha takwas kafin su sami ɗakin karatu. Ni abin da nake nema ga duk mai riƙe da irin wannan amana, a Harvard yake ko a Landan, shi ne ya ɗauki hoton kowane shafi ya buɗe wa masu abin, ɗalibi ya karanta daga ɗakinsa ba sai ya nemi biza ba.

Ana ɗaga mini agogo. Mai son ganin yadda alamomin suke, ya same ni gaban allo kafin a goge. Wassalamu alaikum.