Rautar da ke zuwa neman saitinta da kanta

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abu uku zan taɓa in lokaci ya bari.

Na farko, sabuwar rauta fil, wato na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, ba saiti ko ɗaya a cikinta. A da sai injiniya ya ɗauki laftof da kebul, ya hau mota har reshen kamfanin da za a sa ta, ya zauna yana buga umarni layi-layi. Reshe hamsin, tafiya hamsin. Yau kuwa maigadi ma ya isa: ya soka kebul, ya kunna wuta, shi ke nan ya zama injiniya. (dariya)

Tana tashi sai ta yi shela ta DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, tana neman nata. To nan nake so ku kasa kunne, don wurin nan yana burge ni ƙwarai. Amsar DHCP ba adireshi kaɗai take ɗauke da shi ba, akwai gurabe masu lamba a ciki. Gurbi na 66 sunan uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye fayil ɗin saiti, na 67 sunan fayil ɗin, kamfanin Cisco masu ƙera rauta kuma suna aiki da 150 don adireshin uwar garken. Kamar baƙo ne ya sauka tasha aka ce masa ga masaukinka, ga kuma gidan da za ka karɓi saƙonka. Ku rubuta, 66 da 67. Sai ta je ta ɗauko fayil ɗin ta TFTP, wata hanyar aika fayil, ƙofa (port) ta 69, gutsure-gutsure, bayit 512 kowanne, ba a turo na gaba sai ta ce na baya ya iso. Ƙa'idar da ake bi tun 1992 ce. Amma fa TFTP ba ta tambayar kalmar sirri. Malam, ka ji? Ba ta tambaya! Ba ta kuma lulluɓe abin da ta ɗauko. Duk wanda ya riga amsa shelar nan, shi ya saita maka rautarka. A 2018 an ga ta'asa: na'urorin Cisco da aka bar tsarinsu na saiti daga nesa, Smart Install, a buɗe, ƙofa ta 4786, aka riƙa kutsawa ana sauya musu saiti, har a Iran da Rasha. Don toshe irin wannan kafa, a 2019 aka fitar da ƙa'idar RFC 8572, na'ura ta tantance mai ba ta fayil kafin ta karɓa.

Na biyu, fayil. Samfuri ɗaya za ka rubuta, suna da adireshi kawai ke canzawa. Na huɗu... na uku ko? To, na'am, 'yar'uwa?

Tambaya: Malam, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗaukowa fa?

Yauwa, Allah ya yi miki albarka. In saiti ne kawai, ba komai, ba ta adana ba tukuna, wuta na dawowa za ta sake shela daga farko. Inda ake jin tsoro shi ne lokacin da take rubuta sabuwar manhajarta a ƙwaƙwalwa. In ta yanke a nan, tana iya ƙin tashi, sai an je da kebul. Don haka kafin rauta ta isa reshe, a tabbata batir ko inbata ya riga ta isa.