Alat ya shigo, kuɗi bai shigo ba

Ku dubi fuskar wayar nan. A kasuwar Mile 12 da ke Legas, mai saye ya miƙa wa mai tumatir ita, ya ce: "Alhaji, na tura, ka gani." Suna daidai, adadi daidai, har da tambarin banki. Aka ɗora masa kwando a mota. Da yamma aka duba asusu, ko sisi.

Alama Alhaji ya gani. Charles Peirce, masanin falsafa ɗan Amurka da ya rasu a 1914, ya kasa alama gida uku. Akwai mai kama da abin, kamar zane. Akwai ta sabo kawai: mu ce barkono, maƙwabcinmu Bayarabe ya ce ata. Ta ukun ce ta dame mu yau, wato wadda abin da kansa ya bari, kamar sawun raƙumi a rairayi. Ka ga sawu, ka san ƙafa ta taka.

A matsayin sawu muka ɗauki alat, musamman tun farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya kowa ya koma taransifa. Hoto ma haka yake a da, sai mutum ya tsaya gaban kyamara. Shi ya sa muke cewa gani ya kori ji. Yanzu kuwa manhaja na iya zana sawun, ƙafa ba ta taɓa wurin ba, kuma wannan ne ke ba ni tsoro fiye da asarar kwando ɗaya.

To a ce a daidai lokacin wani da Alhaji ke bi bashi ya turo kuɗi, adadin kuma ɗaya. Alhaji ya yarda kuɗi ya shiga, yana da hujja a waya, kuma kuɗin ya shiga ɗin. Sani ya yi, ko dace? Irin wannan tambayar Edmund Gettier, shi ma masanin falsafa, ya jefa wa masana a 1963, a maƙala mai shafi uku, har yau ana kai ruwa rana a kanta.

Malaman hadisi irin su Bukhari ba sa tsayawa a kan kyan magana, sai sun bi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? Yau a Mile 12, in ka miƙa wa Alhaji wayarka, zai ce: "Dakata, yaro." Ya ciro tasa daga aljihu, ya buɗe asusunsa, hannunsa ɗaya na kan kwandon.