Mun kai yara Kew Gardens kallon tsuntsaye da itatuwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Asabar Allah Ya ba mu rana a Landan, kuma duk mazaunin ƙasar nan ya san idan rana ta fito ba a zaman gida. Mun kwashi yara mun hau jirgin layin District, mun sauka a tashar Kew Gardens, ga mu a ƙofar Victoria. Maman yara, riƙe hannun auta, wurin nan faɗi gare shi, ya kai eka 300.

Tun 1759 aka kafa lambun nan. Gimbiya Augusta, mahaifiyar Sarki George na Uku, ita ta fara shi, a 2003 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mu dai tsuntsaye muka fara nema, don da safe suka fi fitowa kiwo.

Ku saurara. Kun ji wannan ƙarar mai kaifi? Ba jirgin saman da ke sauka Heathrow nake nufi ba, shi kam ba ya ɗaukewa a nan. Ku dubi saman bishiyar can. Tsirya ce, wallahi tsirya! Koriya shar, baki ja, ga dogon wutsiya. Namijin ne mai zobe a wuya. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san ta, ko a kan ɗorawa ko a keji a kasuwa. Na nan Landan tsuntsayen keji ne tun asali, akasari daga Indiya, suka kuɓuce suka hayayyafa, yanzu sanyin Ingila bai dame su ba. A kogon bishiya suke yin ƙwai. Kin ga wancan ramin a jikin reshe, 'yata? Ungo madubin hangen nesa, ki kafa ido a kai, kar ki motsa. Yawwa, ga ta nan ta leƙo da kai. Ku dubi fuskar yarinyar nan. Abin da ya fito da ni daga gida ke nan. Yaran da a gida ba sa iya minti biyu ba waya a hannu, ga su sun yi tsit suna jiran tsuntsuwa.

Mun gangaro bakin tafki. Ga zalɓe can tsaye a ruwa, bai ko ƙifta ba, kifi yake dako. Waɗancan masu baƙin tabo a zagayen ido irin dinyar Masar ne. Wannan baƙar kazar ruwan mai farin goshi kuma ta tara ƙirare ta yi sheƙa a tsakiyar ruwa, tana korar duk agwagwar da ta matso. A sama akwai tsattsewa suna ta shawagi. A watan Mayu suke isowa nan bayan sun tsallako hamadar Sahara, Agusta na yi su juya Afirka.

To mun shigo Palm House, gidan gilashin da aka gina tsakanin 1844 da 1848. Bari in goge kyamara, tururi ya rufe ta. Zafi da gumi kamar Legas a tsakiyar damina. Auta, zo nan. Ka san manjan da Mama ke saya a Peckham? Ga uwarsa, kwakwar manja. Wannan kuma koko ne, dubi yadda 'ya'yan suka fito a jikin gangar bishiyar maimakon ƙarshen reshe. Da shi ake yin cakulan ɗin da kake kuka a kai. Ga ayaba can, ga bishiyar roba.

Amma ku zo ku ga wannan tsohuwar. Ta yi kama da dabino, sai dai ba danginsa ba ce. Daga Afirka ta Kudu aka kawo ta a 1775, tun lokacin tana cikin tukunya. A shekarar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana saurayi, saura kusan shekara talatin a fara jihadi. Tsufa ya kwantar da ita, an kafa mata ƙarafa tana jingine a kai. Mutum ya shayar da ita har ya mutu, wani ya karɓa, shi ma ya tafi, wani ya ɗora, ba a taɓa bari ta bushe ba. Ni wannan ya fi gilashin da ginin taɓa min zuciya.

Kowace bishiya a lambun nan da ɗan allonta: sunanta, danginta, ƙasar da ta fito. A ma'ajiyarsu akwai busassun tsirrai kusan miliyan 7, ciki har da na ƙasarmu. Wani likita ɗan Scotland, Dalziel, ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara sanin Hausawa kan tsirrai aka buga a 1916, daga baya ya dawo nan Kew ya ci gaba. Wa ya koya masa? Manomanmu da makiyaya da masu magani. Ilimin na iyayenmu ne, ga shi a ajiye a nan, mu kuma a gida muna kallo ana sare ɗorawa da kaɗanya da ƙirya ana ƙona gawayi, ba a dasa madadinsu. Abin yana ci min rai ƙwarai. Na san mai saran ba don jin daɗi yake yi ba, abinci yake nema. Amma ko a makarantun firamare a ware fili a dasa itatuwan gida, yara su san su, su riƙa ba su ruwa, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Su Kew har rumbun iri suka gina a Wakehurst, wani lambun nasu a kudancin Landan, a shekarar 2000, suna busar da irin tsirrai su adana cikin sanyi mai tsanani, kuma sun yi aikin tattara iri da ma'aikatan daji a Nijar da Mali da Burkina Faso.

Yara sun matsa sai mun hau gadar saman itatuwa. Tsayinta mita 18, kana tafe rassa na daidai kafaɗarka, tana ɗan lilo idan iska ta kaɗa. Daga nan kuna hango hasumiyar Pagoda mai hawa goma, ginin 1762. Maman yara ta ce ita a ƙasa za ta jira mu.

Ga masu niyyar zuwa: ku sayi tikiti ta intanet, ku zo da wuri, ku sa takalmi mai daɗin tafiya. An yarda a shigo da abinci, mu da dambun shinkafa da zoɓo muka zo. Ba a tsinkar fure, ba a hawa bishiya, ba a buga ƙwallo, ku ja wa yara kunne tun daga gida. Akwai lambun wasan yara da aka buɗe a 2019, da yashi da wurin wasan ruwa, don haka ku riƙo musu kayan canji. Can muka nufa yanzu, in sun shiga wasa mu samu gefe mu yi Azahar. Ɗaya gidan gilashin, Temperate House, sai a bidiyo na gaba in Allah Ya kai mu. Auta, ɗauko jakarka mu tafi.