Kumburin mafitsara mai kama da sankara, da alaƙarsa da ciwon hanji

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, yau zan yi magana ne a kan wata cuta da likita zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa cin karo da ita ba. To me ya sa zan ɓata muku lokaci a kanta? Saboda idan ta zo, da rigar sankara take zuwa, kuma wannan rigar kaɗai ta isa ta karya wa iyali zuciya.

Likitoci na kiranta zantogiranuloma ta mafitsara. Farkon kalmar daga Girkanci yake, yana nufin ruwan ɗorawa. An fara bayyana ta a rubuce a 1932. Abin da ke faruwa shi ne, idan kumburi ya daɗe a wuri, jiki yana turo wasu fararen ƙwayoyin jini masu aikin share datti. Sai su yi ta haɗiyar kitse har su cika su yi kumfa-kumfa, su taru su zama dunƙule mai launin rawaya a bangon mafitsara, galibi can samanta. A hoto sai ka rantse ciwon daji ne. Alhali ba ya yaɗuwa irin yadda sankara ke yi.

Ina hanji ya shigo? Ku ɗora hannu a ƙasan cibiya, ɗan dama. Nan ƙarshen ƙaramin hanji yake, yana kwance dab da saman mafitsara. Wannan wurin ne cutar Crohn ta fi kamawa, cutar da Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a asibitin Mount Sinai na New York, shi ma a 1932. Ita cuta ce mai tafiya tana dawowa shekara da shekaru, kuma kumburinta ba ya tsayawa a fatar cikin hanji, yana ratsa kaurin bangon gaba ɗaya. In gidan maƙwabci na cin wuta, katangar da kuka haɗa ai za ta yi zafi. Haka hanjin ke mannewa da mafitsara ya kunna mata kumburi.

Wani lokacin abin har ya huda. Mu nan mun san yoyon fitsari, to wannan ma huda ce, amma tsakanin hanji da mafitsara. Mara lafiya zai sunkuyar da kai, ya ce, "Likita, in ina fitsari iska ke fita, har da ƙara." Wani ya ga ɓurɓushin bayan gida a ciki. Kunya kan sa mutum ya riƙe wannan magana wata da watanni, kuma ita ce maganar da likita ya fi bukatar ji.

Ga inda nake so ma'aikatan lafiya su saurara. A ƙasarmu, jini a fitsari, tsargiya ake fara zargi, kuma daidai ne. Amma in an ba da maganin tsargiya, an ba da na kashe ƙwayoyin cuta sau biyu sau uku, fitsarin nan bai daina zafi ba, don Allah ku tambayi ciki. Akwai gudawa mai daɗewa? Yana ramewa? Akwai ciwon mara? Sannan a tuna tarin fuka na hanji yana kama da Crohn ƙwarai, dole a bambance su kafin a ba da maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki.

Hukunci kuwa na ɗakin gwaji ne. Za a leƙa mafitsara da na'ura, a gutsuro ɗan nama, a duba a madubin likita. In zantogiranuloma ce, yawanci tiyata ake yi a cire dunƙulen, wani lokacin da ɗan ɓangaren mafitsara, a ci gaba da jinyar hanjin.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu a baya. Bismillah, muna jin ki.