Harajin da ke cikin takardar wuta da ta ruwa

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

A nan Damagaram, jamhuriyar Nijar, duk ƙarshen wata, in takardar kuɗin wuta ko ta ruwa ta iso gida, ƙasan takarda muke fara dubawa, mu ga jimla, mu ja tsaki, mu ninke ta mu sa aljihu. To, yau a tsaya a kan layukan da ke sama da jimlar, domin ba duka kuɗin nan ne ke zama a hannun kamfanin wuta na NIGELEC ko kamfanin ruwa na NDE ba. Wani kaso haraji ne, kamfanin karɓa kawai yake yi ya miƙa.

Babba a ciki shi ne TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin abin da aka saya, kashi 19 cikin ɗari. Mai injin niƙa a Zango, ko mai sayar da ƙanƙara a Sabon Gari, in ya sha wutar sefa 10,000, sai an ɗora masa 1,900 a kai. Akwai kuma wani ɗan haraji na musamman da ake cirewa a kan kowane kilowat, wanda aka tanada domin fitilun kan hanya da jan wuta zuwa inda babu. A dokar kasafin kuɗi ta 2018 ma an ƙaro harajin mazauni, aka rataya shi a takardar wuta, kuma ba mu manta da zanga-zangar da dokar nan ta haifar ba. Dalilin da ya sa hukuma ke son wannan hanya a fili yake: ba sai an bi mutum gida-gida ba, wanda ya ƙi biya a yanke masa.

A ƙasa irin Amurka, jiha ce ke sa irin wannan haraji ta kuma riƙe shi a asusunta. Mu nan ba haka tsarin yake ba. TVA ɗin da Damagaram ta biya baitulmalin ƙasa yake tafiya, a Yamai, daga can ake kasaftawa. Wannan ba laifi ba ne, ƙasa guda ce. Amma wanda ya biya yana da hakkin ya san abin da ya dawo.

Kuma haraji ne da ke bin sayarwa: in mita ba ta juya ba, hukuma ba ta samu ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023, ba tela da mai walda kaɗai suka tafka asara ba, har da baitulmali, har aka maido da wutar a Maris ɗin 2024. Haka ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo ruwansa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. In bazara ta kama, famfo ya yi kwanaki yana hura iska, sai ka ga jarkoki sun yi layi tun kafin kiran assalatu, yara na gyangyaɗi a kansu. Ruwan da mai gida zai saya wajen ɗan ga-ruwa ya fi na famfo tsada nesa ba kusa ba, kuma marar mita, wanda ya fi kowa talauci, shi ke shan wannan tsadar kullum. Ke nan gyara bututu da ƙara rijiyoyi ba alfarma ba ce ake yi wa Damagarawa, hanyar samun kuɗin shiga ce ga ita kanta gwamnati.

Tun da aka rushe majalisun zaɓaɓɓu na birane da gundumomi a watan Afrilun 2024, babu kansilan da mutumin Garin Malam zai tare a ƙofar masallaci ya tambaya. Nauyin bayani yanzu yana wuyan shugabannin riƙo. Ranku ya daɗe, ku faɗa mana nawa ne kason birnin nan daga harajin nan na kowane kilowat a bara, fitila nawa aka kafa da shi, a waɗanne unguwanni. A manna lissafin a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a kuma aiko mana da kofi mu karanta shi a wannan fili, da Hausa.